Gaisuwar da Ba a Kai Kambarawa Ba

Akwai wani bawan Allah a Ƙofar 'Yandaka, cikin birnin Katsina, ana ce mashi Sammani mai walda. Jama'ar wannan shafi, ku ɗan ajiye abin da kuke yi ku karanta wannan labari.

Sammani ba ɗan daba ba ne, ba ya shaye-shaye. Abu ɗaya ne ya yi mashi yawa, zuciya. Yanzu kuna dariya da shi, an jima ka taɓa shi kaɗan ya hau sama.

Yana da rumfar walda a Ƙofar Kaura, kusa da ta wani saurayi mai suna Anas, ɗan unguwar Kambarawa. Janareto ɗaya suke amfani da shi, kowa da lokacinshi. Ranar da abin zai faru babu wuta tun safe, kuma kowannensu mai aiki na tsaye a kanshi. Anas ya ce lokacinshi ne, Sammani ya ce nashi ne. Daga cacar baki aka kai ga cin kwala. Sammani ya rarumi guntun rodi ya kai duka.

Sau ɗaya tak. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinshi.

Babbar kotu ta yanke wa Sammani hukuncin kisa ta hanyar rataya. Aka ɗaukaka ƙara, hukunci bai canza ba. Aka kai shi ɓangaren da ake ajiye masu jiran igiya a gidan yari. Ba a rataye shi ba, ba a kuma sake shi ba. Ya shiga da baƙin gemu, har furfura ta fara keto mashi, sama da shekara goma yana jiran ranar da bai san ta ba.

A gida ya bar mutum uku da abin ya fi ci wa rai: mahaifiyarshi Inna Hajo, yayanshi Alhaji Sagir, da ƙanwarshi Rakiya.

Alhaji Sagir babban ma'aikacin gwamnati ne. Kada in zalunce shi, yana son ƙanenshi, kuma ba irin wahalar da bai sha ba a kan shari'ar nan. Sai dai Alhaji irin mutanen nan ne da suka yi imani ba ƙofar da lambar waya ba ta buɗewa. Ko gaisawa kuke yi sai ya saƙa maka sunan wani babba da suka ci abinci tare.

Wata rana da hantsi Inna Hajo na tsintar shinkafa, rediyo na gefenta, sai ta ji sanarwa. Gwamnati ta ce gidan yari ya cika, ba za a ci gaba da tara masu jiran kisa ba tare da matsaya ba. Kwamitin afuwa zai duba su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya cancanci sassauci a sassauta mashi, wanda bai cancanta ba a miƙa maganarshi a sa hannu a zartar da hukunci. Kuma kafin a yanke, sai an ji ta bakin dangin wanda aka kashe.

Inna ta ajiye faifan. Ma'anar maganar a fili take: ran Sammani yanzu yana bakin mutanen Kambarawa.

Alhaji Sagir ya ce, "Inna, ki kwantar da hankalinki. Wannan ƙaramin abu ne, na san yadda zan ɓullo mashi."

Ya ɗauko wani attajiri da wani tsohon babban sakatare. Motoci suka jeru a ƙofar gidan su marigayi Anas, aka sauke buhunan shinkafa da turamen atamfa, ga wata ambulan mai kauri a aljihun Alhaji.

Wanda ya tarbe su shi ne Idi, ƙanen marigayin. Ya shimfiɗa masu tabarma a zaure. Mahaifiyarsu Dije, wadda kowa ke ce wa Gwaggo har 'ya'yanta, tana daga ciki bayan ƙofa.

Bayan an gaisa sama-sama, Alhaji ya gyara babbar riga ya ce, "To Malam Idi, mun zo ne a kan maganar ɗan'uwanmu. Abin da ya faru ya riga ya faru, ƙaddara ce. Ku faɗi duk abin da kuke so, in dai abin da hannu ke iya yi ne, za a yi."

Sai muryar tsohuwa ta fito daga ciki.

"Idi, su wa ne?"

"'Yan gidan su Sammani ne, Gwaggo."

Can ta ce, "Ashe sun san hanyar gidan." Ta ƙara da cewa, "A mayar masu da kayansu."

Idi ya miƙe, idonshi ya kaɗa ya yi ja. "Kun ji dai. Kuma wallahi ranar kwamiti ni zan fara magana. Igiya, ba ragi."

Alhaji ya dawo gida yana huci. "Mutanen nan ba su san mutunci ba! Na kai masu manyan mutane har zaure, tsohuwa ta kalle mu ta ce wai ashe mun san hanyar gidan. Ku ji mani baƙar magana!"

Rakiya na gefe tana saurare. Ita ba ta yi boko mai zurfi ba, ɗinki take yi a gidan mijinta. Amma kalmar nan ta tsaya mata a rai.

Ta ce, "Yaya Alhaji, da kuka shiga, kun yi masu gaisuwa?"

"Mun gaisa mana. Ke wace irin tambaya ce wannan?"

"A'a Yaya, gaisuwar mutuwa nake nufi."

Alhaji ya yi wata dariya. "Gaisuwar mutuwar da ta shekara goma da ɗoriya? Rakiya, kina lafiya kau?"

To jama'a, a nan gizon yake. Tun ranar da Anas ya rasu, ba mutum ɗaya daga gidan su Sammani da ya taka Kambarawa ya yi ta'aziyya. Makon farko samarin unguwa sun fusata, 'yan sanda suka ce kowa ya zauna gida. Da ƙura ta lafa, lauya ya ce kada wanda ya kuskura ya je, za a ce sun amsa laifi. Da shari'a ta ƙare kuma sai kunya ta hana. Kowace shekara kunyar na ƙara nauyi, har mahaifin su Sammani ya rasu ba a je ba, maganar ta bi ruwa.

Ku da kuka san garin nan kun san abin da nake faɗi. Mutum zai yafe maka rashin zuwa bikin ɗiyarshi, ya yafe maka rashin zuwa suna. Amma a yi mashi mutuwa ka ƙi leƙowa? Wannan yana nan a ranshi. Balle a ce ɗanka ne sanadi.

Alhaji ya ce, "Kada ki je ki ƙara ɓata mani aiki. Akwai wanda zan kira gobe."

Inna Hajo, da ke zaune a gefe, ta ɗago kai. Ba ta kiran sunan Alhaji don shi ne ɗanta na fari. Ta ce, "Kai, ya isa haka. Rakiya, ɗauko mani mayafina."

Suka tari kurkura, wadda ku Kanawa kuke ce wa adaidaita, suka nufi Kambarawa. Ba su riƙe komai ba, ko goro ɗaya.

A hanya Inna ta kama hannun ɗiyarta ta ce, "Ki ji ni da kyau. Ko sunan Sammani kada ki ambata. Gaisuwa za mu, ba roƙo ba."

"Inna, kwamiti fa ya kusa zama."

"Na sani. Ni na haife shi."

A ƙofar gida suka ci karo da Idi. Da ya gane su sai ya tare hanya. "Ba ku ji saƙon da aka ba Alhajinku ba? Ku koma inda kuka fito."

Rakiya ta durƙusa ta ce, "Malam Idi, gaisuwar rasuwa muka zo yi wa Gwaggo."

"Yau? Yau kuka ji an yi rasuwar?"

Hayaniyar ce ta fito da maƙwabciyarsu, Maman Nuhu, wata Kirista 'yar Filato da ta daɗe tana zaune katanga ɗaya da Gwaggo. Ita ce ta riƙe Gwaggo ranar da aka shigo da gawar Anas. Ta dubi tsohuwar da ke tsaye da ƙyar cikin rana, ta dubi Idi.

Ta ce, "Idi, ni baƙuwa ce a garin nan, amma abu ɗaya na koya a wurinku. Ban taɓa ganin an kori mai gaisuwar mutuwa daga ƙofa ba. Ko yau za a fara?"

Idi ya cije leɓe, ya matsa gefe.

Gwaggo Dije na zaune kan tabarma a inuwar ɗaki, carbi a hannu. Inna Hajo ta tuɓe takalmi tun daga nesa, ta zo ta durƙusa, gwiwoyinta har ƙara suke yi.

"Sannu Dije. Ya muka ji da haƙuri?"

Gwaggo ta zuba mata ido. "Haƙurin me?"

"Haƙurin Anas. Mun makara, Dije, mun makara ƙwarai. Ni na haifi wanda ya yi maki wannan aika-aika, kuma na zauna a ɗaki ban zo na ce maki sannu ba. Ba ni da hujja ko ɗaya. Allah ya jiƙan Anas da rahama. Allah ya sa ya huta. Allah ya haskaka kabarinshi, ya sa Aljanna ce makomarshi."

Gwaggo ba ta ce amin ba. Maman Nuhu ce ta amsa da ƙarfi daga bakin ƙofa. Inna ta ci gaba da addu'a, hawaye na bin fuskarta, ba ta share ba. Can sai Rakiya ta ga leɓen Gwaggo ya motsa a hankali.

Da ta buɗe baki, muryarta a dishe take.

"Ranar zaman makokin yaron nan, ba wanda bai zo gidan nan ba. Har waɗanda ya taɓa yi wa gyaran ƙofa sun zo. Duk wanda ya yi sallama sai in ɗaga kai in ga ko ku ne. Aka yi uku, aka yi bakwai, aka yi arba'in. Na ce ashe yarona ko akuya bai kai ba a wurin mutanen nan. Ai ko akuyar mutum ka take da mota, kana tsayawa ka ba da haƙuri."

Gwaggo ta goge ido da bakin zane, ta gyara zama, ta kalle su irin kallon mai jiran abin da ta san zai zo.

"To, na ji gaisuwa. Sai me kuma?"

Wayyo Allah, Rakiya! Ga ƙofa an buɗe mata. Maganar ta taso mata har maƙogwaro: Gwaggo ki taimaka, Gwaggo za su rataye shi. Bakinta ya buɗe. Sai ta ji yatsun Inna sun damƙe mata cinya ta ƙarƙashin mayafi.

Inna ta ce, "Shi ke nan abin da ya kawo mu. Allah ya ƙara haƙuri. Mu za mu koma."

A cikin kurkura Rakiya ta fashe da kuka. "Inna, ta tambaye mu da bakinta, ba mu ce komai ba! In suka kashe shi fa?"

Inna ta ce, "In mun roƙa yau, gaisuwar ta zama ciniki. Matar nan haƙƙinta muka kai mata. Sauran na Allah ne." Ta faɗi haka ne, amma ita ma ba ta san yadda za ta ƙare ba.

Washegari suka koma, suka zauna kamar yadda ake zaman makoki. Rana ta uku ma haka. Ba wata doguwar hira. Rakiya ta share tsakar gida, ta taya Maman Nuhu dakan yaji.

A hankali Gwaggo ta fara ba su labarin ɗanta. Ba ta faɗin sunanshi, shi ne na farinta, sai dai ta ce "yaron nan". Ta nuna masu ƙofar ƙarfen ɗakinta, ta ce shi ya yi mata da kuɗin aikinshi na farko, har ta karkace don bai ƙware ba tukuna, ta hana kowa ya gyara. Ta ce ranar jana'iza ko kuka ba ta yi a gaban mutane ba saboda kunyar ɗan fari, sai ta shiga bayi ta toshe baki da zane. Inna Hajo na ji tana gyaɗa kai, don wannan kunyar ita ma ta san ta.

Ranar da za su yi sallama Gwaggo ta ce, "Wai gidanku babu maza ne? Idi ma fa an yi mashi mutuwa."

Rakiya ta kai wa Alhaji Sagir saƙon. Kai, ranar Alhaji ya sha fama da kanshi! Ya ɗauki waya ya ajiye, ya ɗauki makullin mota ya ajiye. Duk manyan da ya kira sun ce mashi abu ɗaya: in dangin mamaci suka ce a kashe, ba mai iya tsoma baki.

Daga ƙarshe ya sa wata tsohuwar jallabiya, ya hau ɗan acaɓa shi kaɗai. Ya isa ƙofar gidan ya tuɓe takalmi ya zauna a ƙasa, ba tabarma. Idi na ciki, ya san da zuwanshi, ya bar shi rana ta gasa shi son ranta.

Da Idi ya fito, Alhaji ya ɗago kai. Mutumin da bakinshi ba ya gajiya da magana, ranar da ƙyar ya haɗa kalma huɗu.

"Malam Idi, ya haƙuri?"

Sai muryarshi ta karye. Ya ce, "Na zo maku da shinkafa a kan ran ɗan'uwanka. Ka yafe mani wannan rashin hankali. Allah ya jiƙan Anas."

Idi ya daɗe a tsaye. Sannan ya ce, "Amin. Mun gode." Ya shiga ya ɗauko tabarma ya jefa mashi. Amma bai yi alkawarin komai ba.

Ranar zaman kwamiti, Inna da Rakiya da Alhaji suna waje kan benci. Ba wanda ya san abin da mutanen Kambarawa za su faɗa. Gwaggo ta wuce su tana dogara sanda, Idi na riƙe da ita, ko kallonsu ba ta yi ba.

A ciki shugaban kwamiti ya tambayi Idi matsayar dangi. Idi ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, Gwaggo ce mai magana."

Gwaggo ta ce, "Da watan jiya kuka kira ni, da na ce ku rataye shi, in ma ba ku da mai jan igiya ga ni. Amma na ga tsohuwar da ta haife shi. Ta zauna a gabana, ta san ana iya kashe mata ɗa da maganata, na buɗe mata ƙofa ta roƙe ni, ba ta roƙa ba. Yarona ta zo yi wa addu'a. Ni na san abin da ke jiranta in kuka kashe shi, don ni a ciki nake kwana. Ba na so a ce da bakina aka ɗora wa wata. Na yafe jinin, don Allah."

Ta numfasa, ta ɗaga yatsa. "Amma ku faɗa mashi, in ya fito kada ya zo inda nake. Zuciyata ta yafe, idona ba zai iya ba."

Bayan 'yan makonni sanarwa ta fito. An sassauta wa wasu, wasu kuma maganarsu ba ta yi daɗi ba, suna can har yanzu, Allah ya kawo masu mafita. Sammani na cikin waɗanda aka sauya wa hukunci zuwa ɗauri, kuma abin da ya rage mashi 'yan shekaru ne.

Alhamdu lillahi! Inna Hajo ta yi sujada a tsakar gida, goshinta duk ƙasa. Alhaji Sagir kau, a bainar jama'a ya zauna yana kuka kamar yaro, bai damu da wanda ke kallo ba.

Rakiya ta je ziyara gidan yari. Ta tarar an fito da Sammani daga ɓangaren masu jiran igiya, an mayar da shi cikin sauran fursunoni. Ya rame, amma idonshi ya washe.

Ya ce, "Rakiya, ki faɗa mani gaskiya. Me kuka ba su?"

"Ba mu ba su komai ba, Yaya. Gaisuwar Anas muka je."

Ya zuba mata ido. "Kina nufin duk shekarun nan ba a je ba?"

Ta girgiza kai. Sammani ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunshi na rawa. Da ya natsu ta faɗa mashi sharaɗin Gwaggo.

Ya ce, "Ki ce mata na ji, kuma ta yi mani adalci fiye da yadda na cancanta. Ba za ta taɓa ganina ba. In na hango ta a hanya, ni zan sake hanya. Amma muddin ina numfashi, ba zan ɗaga goshi daga sujada ba sai na ambaci sunanta da na Anas."

Gandiroba ya ce lokaci ya yi. Sammani ya miƙe, har ya juya sai ya dawo.

"Ki faɗa wa Inna wani abu. Tun da na shigo gidan nan, duk safiya in na ji ƙarar makullai ana tahowa, sai in ce yau ni aka zo ɗauka. Yau da safe na ji makullai, Rakiya. Na ce a raina, koko ne aka kawo."

Darasi: In kun zalunci mutum, ku fara kai mashi haƙƙinshi kafin ku kai mashi buƙatarku, kuma kada kunyar makara ta hana ku zuwa. Dukiya da sanin manya ba su ceci Sammani ba, gaisuwar da aka yi da zuciya ɗaya ce Allah ya sa ta zama sanadi. Mu kuma masu saurin fushi, mu tuna duka ɗaya ya isa ya rusa gida biyu. In akwai gidan da kuke jin nauyin shiga, ku sa takalmi ku je yau. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai wannan labari, wataƙila akwai mai jiran sallamar wani. Allah ya saka wa masu yafiya da Aljanna.